Wata uku a ɗakin bincike a Jamus, wata shida a bakin ƙofa a gida

Duk shekara da zarar watan Yuni ya kama, ɗakin binciken da nake aiki a nan Jamus yakan karɓi baƙin ɗalibai biyu ko uku da ba su kammala digirin farko ba. Yawancinsu sukan zo ne ta shirin RISE na hukumar DAAD mai kula da musayar ɗalibai, wanda aka tanada domin ɗaliban jami'o'in Amurka da Kanada da Birtaniya da Ailan. Akan damƙa kowannensu a hannun mai karatun digiri na uku, a yanka masa ɗan yanki daga binciken da ake kai, a riƙa ba shi alawus, sannan kafin ya koma gida ya tsaya gaban kowa ya bayyana abin da ya gano, ko da kuwa abin da ya gano shi ne hanyar da ya bi ba ta ɓulle ba.

Mu ma a Najeriya muna da namu tsarin, kuma ba na jiya ba ne, domin tun 1973 hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF ta ƙirƙiro SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu. Na yi nawa na wata shida a wani kamfani, inda aka ba ni kujera kusa da ƙofa, aikina bai wuce zuwa aike da neman abin da zan cike littafin rahoto da shi ba. Mutanen kirki ne, har kuɗin mota suna ba ni, sai dai babu wanda aka ɗora wa alhakin koya mini komai.

Sau da yawa in na kawo wannan magana sai a ce ai su Turawa suna da kayan aiki. Gaskiya ne, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Ɗalibar da muka karɓa bara kusan duk aikinta a kwamfuta ta yi shi. Abin da ta samu wanda ban samu ba shi ne tambayar da babu wanda ya san amsarta, da kuma mutumin da za a tuhuma idan ɗalibar ta zauna haka kawai.

Akwai ƙofofin da ke buɗe ga ɗalibanmu. Cibiyar binciken nukiliya ta Turai, CERN, da ke Janeba tana karɓar ɗaliban kimiyyar lissafi da fiziya da injiniyanci da kwamfuta daga kowace ƙasa, haka ma jami'ar KAUST ta Saudiyya tana da shirin baƙin ɗalibai. Amma neman gurbin CERN tun a watan Janairu ake rufe shi, da takardar sakamako da wasiƙun malamai a hannu, kuma wanda yajin aikin malaman jami'o'in Najeriya na wata takwas a 2022 ya birkita wa zangon karatu ba zai iya cewa ga inda zai kasance a watan Yuli da ake cikin shirin ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, watannin nan na hutun Turawa su ne daminarmu, lokacin da gonakin gwajin dawa da masara da wake suke tsaye a cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, na gero kuma a tashar cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa, ICRISAT, da ke Sadore kusa da Yamai. Da za a ba ɗan aji uku kunya goma na irin dawa guda ya bi su da awo daga shuka har girbi, ƙarƙashin malami ɗaya da zai karanta rahotonsa da jan biro, da na fi son haka ga ƙanena a kan bizar wata uku.