Ina kuke zuwa in an kira lambar waƙa?

Ranar Lahadin da ta wuce na fito daga sujada a majami'armu raina a ɓace, yau kwana huɗu ke nan abin bai sake ni ba. Matasanmu sun riƙe makirufo kusan minti arba'in, jita da kibod da ganguna suna tashi, lasifika har tana girgiza kwanon rufi. Mun tsaya, mun tafa. Tsofaffi masu ciwon gwiwa ma sun dafa benci sun miƙe, alhali rabin waƙoƙin da Turanci ne, ba su san abin da ake faɗa ba. Da aka gama, mai jagorar sujada ya kira lamba daga Littafin Waƙoƙi. Kafin mu buɗe shafi mai kibod ya kashe kayansa, mai ganga ya ajiye sanduna, kuka riƙa sulalewa ta ƙofar gefe ɗaya bayan ɗaya. Ta taga ina hango ku a gindin dogon yaro, ana shan fiya wata, ana latsa waya, ana dariya. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta taɓo ni ta ce, "Ɗana, mi munka yi ma yaran ga?" Na rasa abin da zan ce mata.

Ƙannena da 'ya'yana, ni ba maƙiyin jita ba ne. Na yi shekaru a ƙungiyar mawaƙa, na san daɗin sabuwar murya in ta faɗa daidai. Zabura ta 150 ma ta ce a yabi Ubangiji da ƙaho da molo da bandiri da kuge masu ƙara. Ku kaɗa abinku. Fitar nan ce ta tsaya mini a rai. Iyayenku sun tsaya muku minti arba'in cikin zafin Sakkwato, fanka na hura iska kamar daga bakin tanda, ku kuma baiti huɗu da amshi sun gagare ku.

Kuma ba ranar aka fara ba. In Zumuntar Mata suka tashi da ankonsu, da tulunsu da caki da kuge, nan ma sai a ga kujerun matasa sun zama fili. Waɗanda suka zauna kuwa gara ma da sun fita, sai zunɗe da ƙyafta ido. Na taɓa ji da kunnena wani yaro yana cewa waƙar ƙauye ce. Uwarka ce fa ke buga tulun nan! Da wannan muryar ta yi maka rarrashi a goye, da ita ta kwana tana addu'a a kanka lokacin da zazzaɓi ya kama ka. Yau don ka iya taɓa kibod ita ce ta zama ƙauye? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Na san amsarku, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Gaskiya ne, kuma iyayen nan sun riga ku sanin haka. Yawancin waƙoƙin da ke cikin littafin daga Turanci aka juyo su, mishan suka zo da muryoyinsu. A farkon zamani ma mishan da yawa ba su yarda ganga ta shiga majami'a ba, suna ganin kayan bori ne da tsafi. Matan nan da kuke yi wa dariya, su da iyayensu ne suka shigo da tulu da muryar gida, mai bayarwa ta bayar, jama'a su amsa, har abin ya zauna. Su ne 'yan zamanin lokacinsu. Amma ba su jefar da littafin ba, ba su kuma fice sun bar dattawa suna rerawa su kaɗai ba.

Kun san kuwa yadda waƙoƙin nan suka iso gare mu? Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa sai 1932 ya fito, kuma a lokacin masu iya karatun boko kaɗan ne. Da waƙa mutane suka haddace bangaskiyarsu. A Amanawa, nan kusa da mu, inda mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka kula da masu cutar kuturta tun shekarun 1930, mutanen da ciwo ya raba da danginsu sun sami ta'aziyya a cikin irin waɗannan baitoci. Kowane baiti koyarwa ne: zunubi, gicciye, tashin matattu, begen sama. Da tsohuwar zuma ake magani. Ku gwada wannan da layi ɗaya da ake maimaitawa sau talatin har mai ganga ya jiƙe da gumi. Manzo Bulus ya ce wa Korintiyawa zai raira waƙa da ruhunsa, ya kuma raira da hankalinsa. Ina hankalin yake in rabin jama'a ba su jin harshen?

Ban ma so in taɓo maganar waya ba, amma dole. Ana tsakiyar yabo, yarinya ta ɗaga waya tana ɗaukar kanta don ta ɗora a TikTok. Wa ake yabo ke nan? Ga masu zuwa a makare, su yi kiɗansu, wa'azi na farawa su ɓace. Ga rigimar sayen sabuwar lasifika kowace shekara, alhali akwai gwauraye a cikinmu da kuɗin haya ya gagara. In ka ji ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa.

Amma fitar nan dai, fitar nan. Watannin baya mun kai wani dattijo makwancinsa. A bakin kabari babu janareta, babu makirufo. Fasto ya ɗauko waƙa, samari fiye da ashirin suna tsaye, cikinsu har da jikokin mamacin, ba wanda ya iya wuce layin farko. Tsofaffi mata biyar ko shida ne suka kai waƙar ƙarshe da muryoyinsu masu rawa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Tun a wurin na fara tambayar kaina, in waɗannan suka tafi, wa zai rera mana?

Ku gyara, don Allah. Ku zauna in an kira lamba. Ku matsa kusa da iyayenku ku ji abin da suke faɗa. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Da muna yara, kowane gida da Littafin Waƙoƙinsa, an naɗe shi da leda ko ƙyalle don kada ya yage. Bayan tuwon dare a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, baba ya kira lamba, mu rera da fitilar ƙwai kafin addu'ar kwanciya. Yaro bai isa ya motsa ba in dattijo na waƙa, balle ya tashi ya fita. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ku haddace, ji muka yi har ya shiga jini. Tsohuwar nan da ta taɓo ni, na duba littafinta ranar, bangon ya rabu, an ɗinke shi da zare, shafukan sun yi ja don tsufa. Ba ta ma duba shi, a ka take rerawa, idonta na kan taga inda jikanta yake tsaye da waya a hannu.