Nasiha Ga 'Yan Uwana Matasan Zazzau Masu Tseren Mota A Kan Titi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wannan magana ta 'yan uwana ce da ƙannena matasan Zariya waɗanda Allah Ya sanya wa son mota, musamman masu fitowa bayan dare ya raba su jera motoci biyu ko uku a kan hanyar Samaru ko ta Kwangila zuwa Ɗan Magaji domin a ga wanda zai riga wani, da kuma masu juya mota da birkin hannu a tsakiyar titi ranar kai amarya ko yammacin Sallah. Son mota ba laifi ba ne, kuma yaron da zai saurari ƙarar inji ya gane abin da ke damunsa yana da baiwar da ta cancanci a girmama ta. Abin da nake jayayya da shi shi ne wurin da kuka zaɓa domin nuna wannan baiwa, saboda titi na jama'a ne, kuma mafi yawan waɗanda gangancinku yake iya hallakawa ba su san da wasan ba, balle a ce sun amince su shiga cikinsa.

Ra'ayin masu harkar mota ya rabu a kan wannan batu, kuma na saurari ɓangarorin biyu a majalisu da garejin bakanikai. Manyan direbobi da suka daɗe a kan hanya kusan bakinsu ɗaya ne wajen ƙyamarsa, amma matasan da suke yi suna da hujjojinsu, kuma wadda aka fi ji ita ce cewa da dare suke fita, lokacin da ƙafa ta ɗauke. Duk wanda ya san Zariya ya san cewa hanyoyinta ba sa yin barci. Garin mahaɗa ce ta hanyoyin Kaduna da Kano da Sakkwato da Jos, don haka tireloli da tankokin mai da dare suka fi tafiya, kuma ba baƙon abu ba ne a iske wadda ta lalace an bar ta a gefen kwalta babu fitila, sai 'yan ganyayyaki da aka zuba a bayanta a matsayin alama. Hanyar Samaru kuwa ita ce hanyar asibitin koyarwa da ke Shika, wadda ake bi da mai naƙuda da wanda ciwo ya tasar wa a tsakar dare. Akwai ɗan acaɓa mai neman kuɗin cefanen gobe, akwai ɗalibin jami'a da ya fito daga karatu, akwai mai shayi da yake komawa gida da kayansa, ga kuma dattijon da ya yi sammako zuwa masallaci. Direban da ya ce hanya babu kowa yana nufin bai hango kowa ba ne kawai, kuma a cikin duhu ko hazon hunturu waɗannan abubuwa biyu ba ɗaya ba ne.

Sai masu cewa hannunsu ya faɗa, sun ƙware, ba su taɓa ko ƙwarzanar mota ba. Ina roƙonku ku tsaya ku yi wannan lissafi da ni, domin lissafi ne da ba ya duba gwanintar kowa. Motar da take gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 a cikin daƙiƙa ɗaya. Tsakanin lokacin da idonka ya ga abu da lokacin da ƙafarka ta sauka a kan birki akan ɗauki daƙiƙa ɗaya ko fiye, ke nan ka riga ka shafe mita 33 ba ka rage komai ba. Bayan ka taka birkin, nisan da motar za ta ƙara ci ba ninki biyu yake yi ba idan gudu ya ninka, ninki huɗu yake yi: motar da za ta tsaya a cikin kimanin mita 20 idan tana gudun 60, tana buƙatar kusan mita 80 idan tana gudun 120, kuma wannan a kan busasshiyar kwalta mai kyau ke nan da tayoyi masu lafiya. Idan ka haɗa su ka wuce mita 110, wato fiye da tsawon filin ƙwallo, alhali ƙaramar fitilar mota ba ta haska maka ko rabin wannan nisa da kyau. Ma'anarsa ita ce, a lokacin da ka hango mutumin da yake tsallaka titi, hukuncin ya riga ya fita daga hannunka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa idan mota ta buge shi yana ninkawa sau huɗu da rabi tsakanin gudun kilomita 50 da na 65. Shi ya sa dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 100 kuma a kan babbar hanya mai tagwayen layi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara a duniya, kuma shi ne abin da ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato sa'o'inku da ƙannenku.

Ku duba kuma motocin da ake ƙure wa maleji. Mafi yawansu na hannu ne da suka yi shekaru a Turai ko Amurka kafin su iso mu, wasu ma sai da suka yi haɗari a can aka gyara jikinsu, kuma ba kowane mai mota ne ya tabbatar cewa jakar iskar da ke cikin sitiyarinsa tana nan da ranta ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da suke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, kuma ina shakkar ko masu tsere da yawa sun taɓa sunkuyawa sun karanta nasu. Roba tana bushewa da tsufa ko da zanenta bai cinye ba, kuma zafin kwaltarmu da gudu mai tsanani su ne suke fasa tsohuwar taya. Saurayi zai kashe kuɗi ya huda salansa domin unguwa ta ji tahowarsa, ya canza ƙafafun mota da fitilu, amma ruwan birki da ya shekara uku bai taɓa tunanin sauya shi ba.

Da yawa daga cikinku a finafinai da bidiyon waya kuka fara ganin wannan wasa. Ɗan fim ɗin nan na Amurka, Paul Walker, wanda ya yi suna a finafinan tseren mota, ya mutu ne a ranar 30 ga Nuwamba, 2013, a jihar Kalifoniya, yana zaune a gefen abokinsa wanda gogaggen direban tsere ne, a cikin mota ƙirar Porsche da ta fi duk abin da ke yawo a titunan Zariya. Masu bincike sun gano cewa suna gudun da ya kai ninki biyu na abin da aka ƙayyade wa wannan titi, kuma tayoyin motar sun kai shekara 9. Ƙwararrun da suke gasar tseren mota ta duniya ta Formula One kuwa, idan ka lura, babu abin da suka fi tsoro kamar haɗari. A rufaffen fili suke yi, kowa yana tafiya fuska ɗaya, da hular kwano da rigar da wuta ba ta saurin ci, da likitoci da masu kashe gobara a tsaye. Duk da haka Ayrton Senna, wanda ya ci kambun duniya sau uku, ya mutu a filin Imola na Italiya a 1994, kuma mutuwarsa ce ta sa aka sake tsaurara matakan kariya. A 2020 motar Romain Grosjean ta rabe biyu ta kama da wuta a Bahrain, ya fito da ransa da ƙuna a hannuwa, saboda ƙarfen kariyar kai da aka wajabta a 2018 da kuma masu ceto da suka iso gare shi a cikin daƙiƙu. Wanda ya kife a Kwangila ƙarfe biyu na dare, masu wucewa ne za su fizgo shi daga cikin mota da hannu, kuma irin wannan fizga ce take mayar da karayar wuya ko ta gadon baya shanyewar jiki ta har abada.

Maganar da ta fi damuna ita ce ta masu cewa ajali ba ya wuce lokacinsa, wanda kwanansa bai ƙare ba ko me ya yi ba zai mutu ba. Gaskiya ne kowane rai yana da wa'adinsa, amma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mutum alhakin abin da hannunsa ya aikata ba, kuma da hujjar tana aiki da babu mai kisan da za a hukunta. Allah Maɗaukakin Sarki Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a Suratul Baƙara, aya ta 195. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu da hannunsa domin kada ya ƙwarzani wani Musulmi. Idan an yi wannan gargaɗi a kan kibiyar da ke cikin kwari, mene ne hukuncin ƙarfe mai nauyin fiye da tan ɗaya da aka saki a guje tsakanin Tudun Wada da Ƙofar Doka? A ranar saukowa daga Arfa, da ya ji mutane suna dukan raƙuma suna gaggawa, sai ya umarce su da natsuwa, ya ce musu aikin kirki ba a gaggawa yake ba. Wanda ya kashe mumini bisa kuskure, Suratun Nisa'i aya ta 92 ta ɗora masa diyya da kaffara, wadda a yau azumin wata biyu ce a jere, kuma asalin diyya raƙuma ɗari ne. Wannan fa hukuncin kuskure ke nan na wanda bai nufi cutarwa ba. Wanda ya san dokar gudu, ya san akwai mutane a hanya, sannan ya taka totur domin a tafa masa, sai ya je ya tambayi malaminsa matsayinsa tun kafin abin ya faru. Idan kuma an ajiye kuɗi a kan wanda zai riga, an ƙara caca a kan ganganci.

Ta fuskar hukuma, dokar 2007 ta hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ga wanda tuƙin gangancinsa ya jawo mutuwar wani. Takardar inshorar mota ma takan fayyace cewa ba ta ɗaukar asarar da aka yi a wurin tsere. Ƙarshenta mahaifin da ya ba da aron mota, ko wanda aka ɗauki makullinsa yana barci, shi ne zai sayar da gona ko fili, shi ne kuma zai tattara dattawa ya je ya durƙusa a gidan makoki yana neman afuwa a kan abin da bai aikata ba.

Ku kuma masu tsayawa a gefen titi kuna ɗaga waya kuna ihu, ku sani kuna da kaso a cikin wannan al'amari. Babu wanda zai ƙone tayarsa a kan kwalta idan babu mai kallo, kuma kowane bidiyo da kuka ɗora a TikTok ko Instagram gayyata ce ga yaro ɗan shekara goma sha shida da bai kai ko shekarun karɓar lasisi ba. Motar da ta ƙwace wa mai juya ta kan 'yan kallo take fara hawa. Abokan ango su ne suka fi kowa iko a nan, domin idan suka faɗa tun kafin a tashi cewa duk wanda zai yi wasa da mota ya fita daga ayarin amarya, magana ta ƙare.

Hujja ɗaya ce daga cikin hujjojinku na yarda tana da nauyi, wato cewa ba a tanadar muku wurin yi ba. Tsere a kan kansa ba abin ƙi ba ne, domin ya tabbata cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya shirya tseren dawaki a Madina, da mafari da maƙura sanannu, aka kuma bambanta nisan horarrun dawaki da na waɗanda ba a horar ba. Mu ma a Zazzau mun gaji sukuwa, kuma duk wanda ya kalli jahi a ƙofar fada ranar hawan Sallah ya ga cewa sai dogarai sun buɗe fili sun tsare jama'a kafin mahayi ya saki linzami, kuma mahayin da ake yabo shi ne wanda ya iya tsayar da dokinsa cak a inda ya kamata. Sai dai rashin fili dalili ne na neman fili, bai zama izinin ƙwace titin da marasa lafiya da 'yan makaranta suke bi ba.

Saboda haka shawarata ga waɗanda da gaske motar suke so ita ce ku haɗa kanku ku yi ƙungiya mai rajista, da shugabanni da aka san gidajensu, da ƙa'idojin da za ku fara ɗora wa kanku: babu shiga sai da lasisi, babu mai shan ƙwaya ko maganin tari a cikinku, sai bakanike ya duba birki da taya, sai da bel da hular kwano, kuma duk wanda aka kama yana tsere a kan titi an kore shi. Da wannan takarda a hannunku za ku iya zuwa wurin hukumar kiyaye haɗurra da ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari da masarauta ku nemi a ware muku fili a bayan gari, a killace shi, a ajiye motar asibiti a ranar wasa. A nan garin muke da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya a kan hanyar Basawa, ga sashen injiniyan kanikanci na Jami'ar Ahmadu Bello, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, kuma a cikinsu akwai malaman da suka san inji da birki da taya a ilmance, waɗanda za ku iya gayyata su duba muku tsarin filin da motocin kafin a fara.