Mai kwamfuta a tsakar fili, mai kalangu a bakin zaure

Watan jiya aka yi bikin ɗiyar ƙanwata a nan Tawa. Tun la'asar aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka jera kujerun roba, sai ga wani yaro da bai wuce shekara ashirin ba ya iso da manyan lasifika biyu a kan amalanke, kwamfutarsa a jakar goyo. Kafin ka ce me, unguwa ta ɗauka. Waƙar Kano ta fita, ta Legas ta shiga, ta Abijan ta biyo baya, ƴan mata na ta rawa ana ɗaukar su da salula. Can bakin zaure kuwa tsohon makaɗin gidanmu ne zaune a kan tabarma, kalangunsa a cinya. Ubansa ne ya yi kiɗa ranar da aka kai uwata ɗakinta. Babu wanda ya kore shi, babu kuma wanda ya kira shi. Sai da aka idar da sallar magariba, kafin yaron nan ya sake kunna kayansa, tsohon ya miƙe, ya matse kalangu a hammata, ya saki taken kakanmu. Tsofaffin matan da ke cikin gida suka gane tun bugun farko, guɗa ta tashi. Ƙawayen amarya ko ɗaga kai ba su yi ba.

Da zai tafi na raka shi, na ce, "Baba, ina yaranka da kuke zuwa tare?" Ya ce, "Ɗana, babban yana Abijan, ƙaramin yana kabu-kabu. Wa zai rataya abin da ba ya ciyar da shi?" Tun daren nan maganar ta ƙi barin raina, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami.

Ba na cikin masu cewa kiɗan zamani ya lalace don ya ari na waje. Duk wanda ya san tarihin waƙa a Nijar ya san da aro muka taso. Ƙungiyoyin kaɗe-kaɗen Yamai na zamanin su Elhaji Taya da jita da ƙahon Turawa suka yi suna. Gasar Ɗan Gurmu da aka fara a 1987, wadda aka raɗa wa sunan mawaƙin nan namu na Adar, an ƙirƙiro ta ne don matasa su haɗa kiɗan gida da kayan zamani, kuma ta haifar da ɗa mai ido. A 1995 Yakuba Mumuni ya kafa Mamar Kassey, sarewa da molo suka zauna kusa da jita ba wanda ya danne wani. Ƙarshen shekarun 1990 rap ya shigo, su Lakal Kaney da Kaidan Gaskia da Wass Wong suka cika fadojin matasa da Hausa da Zabarmanci da Faransanci a baki ɗaya, suna maganar rashin aikin yi da cin hanci da sida. Mu nan Adar muna da wata ƙofar ta daban: ƴan ci-raninmu da ke dawowa daga Abijan ba kuɗi da atamfa kaɗai suke kawowa ba, su ne suka shigo mana da rawar kupe-dekale tun tana sabuwa. Kiɗan fiyano na finafinan Kano kuma ya daɗe da zama ɗan gida, har ɗiyar Maraɗi, Fati Nijar, ta ƙetara can ta yi suna. Yanzu zamanin Afrobeats ne da amapiano na Afirka ta Kudu. Wannan ma zai wuce, wani ya zo.

Abin da ya canja a wannan karo ya fi salon kiɗa zurfi. Da can, ko wane irin kiɗa ya shigo, mutane ne ke buga shi, kuma duk inda mutane ke kiɗa akwai yaro a gefe yana riƙe kaya yana koyo. Yau mutum ɗaya ya isa. Ɗan yayana yana da ɗan sitidiyo a ɗaki guda, ya manna kwalayen ƙwai a bango don sauti, da kwamfuta da fiyano da makirfo ɗaya. A gabana ya haɗa waƙar wani ango cikin yini guda: ganga daga kwamfuta, sarewa daga kwamfuta, ƴan amshi ma muryar mutum ɗaya ce aka ninka, aka bi ta da na'urar gyaran murya har ta yi santsi kamar ta kowa. Yaron yana da kunne, ban raina aikinsa ba. Amma da na tambaye shi me ya sa bai kira mai goge ba, amsarsa a shirye take: "Kawu, mai goge sai na biya shi, na ba shi abinci, ya zo a makare. Kwamfuta ba ta tambaya ta ko dala." Gaskiyarsa ce ta ɗan kasuwa, kuma da irin wannan gaskiyar ce sana'a ke mutuwa ba tare da kowa ya yi niyyar kashe ta ba.

Sannan waƙar kanta ta gajarce. Waɗanda suka tashi da kaset sun san yadda Shata ko Ɗan Ƙwairo za su ɗauki mutum ɗaya su yi ta juya shi, daga asali zuwa hali, daga kirari zuwa habaici, har fuskar kaset ta ƙare. Yanzu mawaƙi yana neman ɗan gutsuren da bai kai minti ɗaya ba, wanda za a yi rawa da shi a TikTok. Mun ga ƙarfin abin a 2020, lokacin zaman gida na korona, da matan aure suka riƙa yi wa mazajensu rawa da waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker, daga Kano har Yamai. Tun daga nan kowane yaro ya gane inda kasuwa take. Amshi ya zama shi ne waƙar, baitoci kuwa cikon lokaci. Abin da ya fi ci mini rai shi ne harshen. Ka saurari waƙoƙin soyayya goma na yaranmu na Tawa, za ka ji kalmomi iri ɗaya, zuciya da ruhi da hawaye, da karin harshen Kano. Adarancin da suke magana da shi a gida, mai gishiri da kaifi, suna jin kunyar sa shi a waƙa, wai ba zai sayu ba.

Tushen abin kuɗi ne. A zamanin kaset ko yaya mawaƙi kan sami wani abu. Da salula ta zo, sai ka je rumfar masu tura waƙa ka ba da dala ashirin a cika maka memori, mai waƙar ko labari bai ji ba. Yanzu ma rumfar ta rage ciniki, WhatsApp ya ɗauke aikin. Muna da hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, amma ba ta da hanyar bin waƙar da ke yawo daga salula zuwa salula. A wasu ƙasashe ana cin abinci da sauraro ta intanet. Waƙar Calm Down ta Rema da Selena Gomez ta haura sauraro biliyan ɗaya a Spotify a 2023. Mu a nan yawancin masu saurare ba sa biyan kuɗin wata ga irin waɗannan manhajoji, kuɗin intanet ɗin ma da ƙyar. Saboda haka mawaƙinmu bai da abin dogaro sai biki da ɗan siyasa da talla. Wanda ke biya shi ke zaɓen waƙa, kuma mai biki ya gano cewa yaro ɗaya da lasifika ya fi makaɗa biyar sauƙi.

Ga wani abin da ya kamata ya tsayar da mu mu yi tunani. Mawaƙan Nijar da duniya ke biyan kuɗi ta je kallo, masu kiɗa da hannu ne. Bombino na Agadas shi ne ɗan Nijar na farko da aka sa cikin masu takarar kyautar Grammy, da faifansa na 2018. Tal National, ƙungiyar Almeida wanda alƙali ne, ta zaga Turai da Amurka da jita da ganguna da kalangu. Daga jiharmu ta Tawa ma akwai Les Filles de Illighadad, matan wani ƙauye na wajen Abalak, da jita da tende, gangar turmi ta Buzaye. Labarin Mdou Moctar, mawaƙin Buzaye mai jita, shi ya fi koya mini darasi. Faifansa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da kiɗan kwamfuta da na'urar gyaran murya, irin dai wanda yaranmu ke yi yau. Waƙoƙin suka yi ta yawo a salula, har wani Ba'amurke mai tattara kiɗan Sahel ya ji, ya shiga nemansa. Na'ura ce ta buɗe masa ƙofa, amma abin da ya riƙe shi a manyan dandamali har yau yatsunsa ne a kan jita da harshen Tamashek da bai saki ba. Ƴan'uwanmu Buzaye sun riƙe nasu sun kai shi nesa. Mu Hausawa, da muka fi kowa yawa a ƙasar nan, ina gogenmu da gurminmu da kukumarmu a waɗannan wurare?

Na san amsar da za a ba ni, kuma akwai gaskiya cikinta. A wurinmu kiɗan gargajiya yana ɗauke da tabon roƙo. Yaron da ya riƙe makirfo ana ce masa tauraro, wanda ya rataya kalangu ana ce masa maroƙi, in ya je neman aure a tambayi asalinsa. Mu muka yi wannan rainin, mu da ke kukan al'ada na ɓacewa. Wasu kuma don addini suka bar kiɗa gaba ɗaya, wannan zaɓinsu ne, ina girmama shi. Amma mafi yawan gidajen da suka daina kiran makaɗi ba su daina kiɗa ba, sun dai canja wanda suke biya.

Yadda igiyar koyo ke tsinkewa mun gan shi da idonmu. Malam Maman Barka ya tafi yankin tafkin Cadi ya zauna wurin Bukar Tar, tsohon da ake ɗauka shi ne gwanin ƙarshe na biram, kayan kiɗan Buduma mai tsarkiya biyar, ya koya kafin tsohon ya rasu. Da bai je ba, da tuni biram ya zama kayan ajiya. Shi ma Allah ya yi masa rasuwa a 2018. Kayan kiɗa ana iya rataye shi a gidan tarihi, amma taken kowane gida da kirarin kowace sana'a, na mahauta da maƙera da manoma, a kan mutum suke, in ya tafi sun tafi.

Ina wannan hanya za ta kai mu? Ga abin da nake hange. Tuni akwai manhajoji irin su Suno da Udio da ke haɗa waƙa sukutum, kiɗa da murya, daga ƴan kalmomin da ka rubuta musu. Abin ya kai manyan kamfanonin waƙa na duniya, Universal da Sony da Warner, sun maka su kotu a Amurka a watan Yunin 2024 kan amfani da waƙoƙinsu. Wanda wannan na'ura za ta fara ture wa tukunya shi ne ɗan yayana da ire-irensa. Waƙar da ta yi kama da kowace waƙa ita ce mafi sauƙin kwaikwayo, kuma angon da ya bar mai goge don sauƙi zai bar mai sitidiyo don sauƙin da ya fi. Abin da na'ura ba za ta yi ba shi ne ta tsaya a bakin zaure, ta ga wace tsohuwa ce ta leƙo, ta san ɗiyar wane ce, ta buga taken da zai sa ta guɗa. Don haka nake ganin nan da ƴan shekaru abin da muke wulaƙantawa yau shi zai yi tsada, in har ya kai lokacin da rai.

Kuma yana da sauran rai. Ka je filin kokowa, ko na unguwa ko na gasar takobin ƙasa wadda aka fara a nan Tawa a 1975, ka ga matasan nan masu TikTok yadda jikinsu ke tsuma in an buga wa ɗan kokowarsu take. A can ba wanda ke neman kwamfuta. Kunnen yana nan, wurin da ake biyan makaɗi ne ya ƙuntata.

Ina so cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai ta sami rassa a jihohi, a ɗauki tsofaffin makaɗa a matsayin malamai da albashi, yaro ya koyi goge ya fita da takarda kamar mai koyon kowace sana'a. Ina so gidajen rediyonmu su ware wa kiɗan hannu lokaci mai kyau, kada a tura shi tsakar dare. Amma ban jira hukuma ba, don mafi yawan kuɗin waƙa a garin nan daga aljihun masu biki yake fita, wato mu. In an ware jika talatin na kiɗa, me zai hana goma ta tafi ga masu kalangu, a ba su fili na sosai tsakanin la'asar da magariba, a kashe lasifika a saurare su?

Makon da ya wuce na ɗauki tsohon makaɗin gidanmu a bayan babur na kai shi ɗakin ɗan yayana, na ce ni zan biya. Da farko ba su fahimci juna ba. Yaron yana so ya bi ƙidayar kwamfuta, tsohon ya ce shi kiɗansa numfashi yake bi. Suka yi ta gwadawa har aka kira azahar. Daga baya yaron ya kashe ƙidayar, ya bar shi ya buga yadda ya saba, sannan ya ɗora nasa kiɗan a kai. Da muka tashi tafiya ya bi mu har bakin ƙofa, ya ce, "Baba, wanda ka buga na ƙarshen nan, na su wa ne?" Tsohon ya ce na mahauta ne. Yaron ya ce ya dawo ranar Asabar, akwai wani ango ɗan Sarkin Fawa.