Haɗin fuska: bari ya bushe ƙayau ba shi ne gyara ba

Mata da yawa a Gusau da Ƙaura Namoda sun ɗauka cewa haɗin yumɓu da ake shafa wa fuska ba ya aiki sai ya bushe ya tsattsage. Wasu har kwana suke da shi. Wannan kuskure ne.

Yumɓu yana tsotse maiƙo ne tun yana da danshi. Da zarar ya bushe ƙayau, sai ya koma zuƙe ruwan fatar kanta, fuska ta ɗaure, ta yi ja, ta fara saɓa. A lokacin hunturu, da iska ta riga ta busar da fata, abin ya fi muni.

Ki wanke fuska tukuna. Ki kwaɓa cokali 1 na garin yumɓu da cokali 1 na kindirmo da rabin cokali na zuma, ki shafa sama-sama, ki kauce wa kewayen ido. Minti 10 ya isa. Idan gefe-gefe ya fara haske amma tsakiyar kunci na da laima, ki jiƙa shi da ruwa mai ɗumi-ɗumi ki wanke ba tare da dirza ba, sannan ki shafa mai nan take. Ɗan man kaɗanya ya wadatar wa busasshiyar fata. Haɗin yumɓun kuwa, mai maiƙon fuska ta shafa sau 2 a mako, mai busasshiyar fata sau 1.

Lemun tsami kam a bar shi: ruwansa a fata, idan rana ta doke shi, yana iya ƙona wurin ya bar baƙin tabo. Duk sabon haɗi, a fara gwada shi a bayan kunne, a jira awa 24.