Ɗan'uwana mai karɓar magani, ka ji tsoron Allah

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Jiya da yamma wata baiwar Allah ta shigo wurin uwargidana a nan Gombe tana kuka. Ba zan faɗi unguwa ba, kada ma wani ya biyo ni ta bayan fage yana tambaya. Mijinta na ɗauke da cutar HIV. Ta sani, ta zauna da shi bisa amana, don likita ya ce musu muddin ya riƙe magani ba abin da zai same ta. Tana cikin shara sai ta ci karo da robobin maganinsa a ƙarƙashin gado, ko buɗe su ba a yi ba, ga kwalaben kodin da aka shanye a gefensu.

Wallahi abin nan ya hana ni barci.

Ɗan'uwana, ban tambaye ka yadda ka kamu ba, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne. Amma dubi rahamar da Allah ya yi maka. Waɗanda suka kamu a shekarun 1990, sai dai a mayar da su gida a zuba wa sarautar Allah ido. Kai kuwa tun 2006 ake ba da maganin nan kyauta a Najeriya, ga shi yanzu ya koma ƙwaya ɗaya tak a rana, wadda ake kira TLD. Ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru ka karɓa ba ko sisi. Wanda yake sha kullum, cikin kamar wata 6 ƙwayar cutar takan kwanta har gwajin jini ya kasa ganinta, kuma a wannan matakin ba ya sa wa matarsa.

Sai ka ɗauki wannan ni'ima ka haɗa ta da giya da tramol da wiwi? Haba malam!

Wanda ya bugu ba ya duba agogo. Yau ya manta, gobe ya ce sai anjima, ranar komawa asibiti ta zo ta wuce yana kwance. Cikin wannan tsallaken ƙwayar cutar ke hayayyafa, har ta saba da maganin ya daina yi mata aiki, a koma neman wani wanda ya fi wahalar sha. Garkuwar jiki ta faɗi, tarin fuka ya samu ƙofa. Ga hanta kuma. Giya cin hanta take yi, kuma da yawa cikinmu na ɗauke da ciwon hanta nau'in B ba su ma sani ba. Biyu daga cikin sinadaran TLD ɗin nan su ke danne wannan ciwon, ka yanke maganin farat ɗaya, ciwon na iya tasowa da ƙarfi. Likitoci na ta ƙoƙari a kanka, kai ka mayar da aikinsu zuba ruwa a kwando.

Akwai wata huɗubar Shaiɗan da ke yawo a majalisu, wai ranar da mutum ya sha giya kada ya sha magani, za su haɗu su zama guba. Ƙarya ce. Ban halatta maka kwalba ba, Allah ya kiyaye. Amma in Shaiɗan ya rinjaye ka ka sha, to ka haɗiyi ƙwayarka ta ranar, ka yi istigfari, sannan ka gaya wa likitanka gaskiyar abin da kake sha. Ba alƙali ba ne, ya ga waɗanda suka fi ka nisa.

Ku kuma masu sayar da kodin a lungu, tun 2018 gwamnati ta hana, kuna sane. Mu ma masu nuna mutum da baki har baƙin ciki ya tura shi shaye-shaye, muna da namu kason.

Amma yau da kai nake, ɗan'uwana. Matar nan amana ce aka ba ka a gaban shaidu. Me za ka ce wa Allah in ka sa mata cutar da kake da ikon kare ta daga gare ta? In ta ɗauki ciki fa?

Don Allah ka tashi ka sha na yau. Gobe da safe ka ɗauki katinka ka koma asibiti, ko wata nawa ka yi ba ka je ba za su karɓe ka. Don Allah ka koma.

Allah ya shirye mu baki ɗaya, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.