Ba ɓoye suna ne ke haifar da ƙarya a intanet ba

Duk lokacin da aka samu wata ɓaraka a kafofin sada zumunta, ko an damfari wani, ko an ci mutuncin wata, ko an yaɗa labarin ƙanzon kurege, magana ɗaya ce ke fara fitowa daga bakin 'yan majalisa da masu sharhi: a tilasta wa kowa ya nuna katin shaida kafin ya buɗe shafi. Kiran ya ƙara ƙarfi tun da Birtaniya ta fara tantance shekarun masu shiga wasu shafuka a watan Yulin 2025, har wasu na ganin lokaci ya yi da za a faɗaɗa abin ya shafi kowa. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake tallata wannan shawara kamar sabon magani, alhali an gwada ta, an kuma ga ƙarshenta.

Koriya ta Kudu ta kafa irin wannan doka a 2007, inda ta wajabta wa manyan shafuka su tantance mutum da lambarsa ta ɗan ƙasa kafin ya rubuta tsokaci. A 2011 masu kutse suka shiga shafukan Nate da Cyworld, suka kwashe bayanan mutum miliyan 35, a ƙasar da al'ummarta ba su wuce miliyan 50 da ɗoriya ba. A watan Agustan 2012 kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke dokar, bisa hujjar cewa ta tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma ba a ga wata shaida ƙwaƙƙwara da ke nuna munanan rubuce-rubuce sun ragu ba. Kamfanin Google ma ya ɗora sharaɗin amfani da sunan gaskiya a dandalinsa na Google+ a 2011, ya janye shi a 2014 tare da ba da haƙuri. Bayan wasan ƙarshe na gasar cin kofin nahiyar Turai a Yulin 2021, lokacin da aka yi wa Marcus Rashford da Jadon Sancho da Bukayo Saka ruwan kalaman wariyar launin fata saboda sun ɓarar da fenariti, kamfanin Twitter ya bayyana cewa kashi 99 cikin 100 na shafukan da ya rufe ana iya gano masu su. Ashe masu zagin ba su damu da a san su ba.

An bar jaki ana dukan taiki. Wanda ya sa wa shafinsa laƙabi, ya shekara biyar yana rubutu da shi, yana amsa kuskurensa idan an gyara masa, bai yaudari kowa ba, domin kowa ya san laƙabi ne. Mayaudari shi ne mai da'awar abin da ba shi ne ba. A 2007 asirin wani fitaccen mai gyaran Wikipedia da ake kira Essjay ya tonu: ya daɗe yana cewa shi farfesa ne a fannin ilimin addini mai digirin digirgir, yana kuma kafa hujja da wannan matsayi wajen kayar da abokan gardama, sai ga shi matashi ne ɗan shekara 24 da ba shi da ko ɗaya daga cikin digirorin. Laƙabinsa bai cuci kowa ba, digirin ƙaryar ne ya yi ɓarna.

Na taɓa zama a wani zauren tattaunawa kan kiwon lafiya, inda wani mutum mai cikakken suna da hotonsa sanye da farar riga yake amsa tambayoyin iyaye mata, kowa na kiransa Dakta. Wata uwa ta rubuta cikin dare cewa jikin ɗanta ya yi zafi ƙwarai, nan take ya lissafo mata magani da adadin da za ta ba shi. Wata mai amfani da laƙabi ce ta shigo ta ce adadin ya yi wa yaro yawa, ta roƙi uwar ta garzaya asibiti, sai jama'a suka yi mata caa, wai wace ce ita da za ta ja da likita. Daga baya aka gano bai taɓa karatun likita ba. Sunansa kuwa na gaskiya ne, kuma da an nemi katin shaidarsa da ya nuna ba tare da wata fargaba ba.

Abin takaici, kamfanonin da ake so a damƙa wa katunanmu su ne suka mayar da amana hajar sayarwa. A da, shuɗin makin da Twitter ke sa wa a gefen sunan shafi na nufin an tabbatar da mai shafin. Bayan Elon Musk ya sayi Twitter kan dala biliyan 44 a Oktoban 2022, sai aka fara sayar da makin kan dala 8 a wata, kuma cikin 'yan kwanaki wani ya saye shi da sunan kamfanin magunguna na Eli Lilly, ya sanar cewa allurar insulin ta zama kyauta, har sai da kamfanin ya fito ya ƙaryata. Meta, mai Facebook da Instagram, ta bi sahu da nata tsarin na biya a 2023. A Yulin 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta ce bincikenta na farko ya nuna makin na X, sabon sunan Twitter, yana yaudarar jama'a.

Masu cewa wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya tsoron bayyana sunansa, magana ce ta wanda bai taɓa rasa aiki ko barci saboda faɗin gaskiya ba. Ma'aikacin da ya ga almundahana a ofishinsa, da matar da ta tsere wa mai dukanta, da mai fama da cutar da ake ƙyamata, da ɗan jarida a ƙarƙashin mulkin kama-karya, su ne za su fara yin shiru, yayin da ɗan damfara zai sayi katin wani ya ci gaba da sana'arsa. Katunan da aka tara kuma ba su tsira ba: a Oktoban 2025 dandalin hira na Discord ya amsa cewa hotunan katin shaidar mutum kusan 70,000 na iya kasancewa sun faɗa hannun masu kutse ta wajen wani kamfani da ke yi masa aiki.

Idan da gaske ake yi, a nemi hujja daga mai da'awar ƙwarewa da mai neman kuɗin jama'a, a bar sauran mutane da laƙabinsu. A riƙa nuna ranar da aka buɗe kowane shafi da sau nawa ya canza suna, sannan a haramta sayar da alamar tantancewa ga wanda ba a tantance ba.