Maryam ba ɗaci ba ce, ku daina tsorata masu jego

Makon jiya ƙanwata ta kira ni da daddare, muryarta a dagule. Ta sauka lafiya, an sami 'ya mace, ita da maigidanta sun riga sun tsayar da Maryam. Sai wata ƙawarta ta turo mata hoto a WhatsApp, irin waɗannan masu fure-fure a gefe, wai ma'anar Maryam "ɗaci". Ta ce, "Yaya, ɗaci fa! Ni da bakina in sa wa 'yata ɗaci?" Na yi dariya har ta ji haushi ta kashe wayar. Daga baya kuma abin ya tsaya min a rai, don ba ita kaɗai masu shafukan "ma'anar sunaye" suke ruɗawa ba.

Asalin sunan ba Larabci ba ne. Daga Ibrananci ya fito, Miryam, kuma wadda aka fara sani da shi a Attaura ita ce 'yar'uwar Annabi Musa da Annabi Haruna. Masu cewa ɗaci ba ƙirƙira suka yi ba: a Ibrananci "mar" ɗaci ne, "yam" kuma teku. Amma wannan ra'ayi ɗaya ne cikin da yawa. Wasu masana harshe sun ce ita wannan Miryam ɗin a Masar aka haife ta, don haka sunan ya fi kama da kalmar tsohon harshen Masar mai nufin abar ƙauna. Malaman tafsiri irin su Zamakhshari da Baidawi kuwa, da suka zo aya ta 36 a Suratu Ali Imrana, inda matar Imrana ta ce ta raɗa wa 'yarta Maryam, cewa suka yi a harshen mutanen nan yana nufin mai bautar Allah. To me ya sa mai hoton nan ya tsallake waɗannan duka ya ɗauko ɗaci? Don shi ne zai sa a tura wa wani.

Akwai wanda ya fi ba ni dariya. Jerome, malamin da ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin wajen ƙarshen ƙarni na 4, ya fassara sunan da "stilla maris", wato ɗigon teku. Masu kwafe littafi da hannu suka canza harafi ɗaya, ya koma "stella maris", tauraruwar teku. Yau ga coci-coci da makarantu birjik a duniya masu suna Stella Maris, tushen abin kuwa tuntuɓen alƙalami ne. Ɗigo ya zama tauraruwa, ba wanda ya yi ƙorafi.

Ni a ganina ba wanda ya taɓa sa wa 'yarsa Maryam don ya duba ƙamus. Don mahaifiyar Annabi Isa ake sawa. Ita ce mace ɗaya tilo da Alƙur'ani ya kira da sunanta, har sau 34, kuma sura ta 19 sunanta take ɗauke da shi. Nana Khadija ba a ambace ta da suna ba, Nana A'isha ma haka. Kirista kuma a wurinsa ita ce uwar Almasihu. Da wuya ka sami wani sunan mace da Musulmi, Kirista da Bayahude duk suke sa wa 'ya'yansu ba tare da wani ya ji kamar aro ya yi ba.

Shi ya sa ya zagaye duniya yana canza riga: Maria a Sifen da Italiya, Marie a Faransa, Mary a Ingila, Meryem a Turkiyya, mu kuma bakinmu ya lanƙwasa shi zuwa Mairo da Mairamu. A ƙasashen Katolika har maza na ɗauke da shi a matsayin suna na biyu, irin José María. A Amurka, Mary ce ta ɗaya a sunayen jarirai mata tun 1880 har 1946. Linda ta ture ta na shekara shida, ta dawo a 1953 ta riƙe har 1961. Yanzu ko cikin ɗari na farko ba ta. Yayi kenan, ba ya barin kowa.

(Marie Curie, masaniyar kimiyya mai lambar Nobel biyu, Maria iyayenta suka sa mata. Maryam Mirzakhani ta Iran ita ce mace ta farko da ta ci lambar Fields ta lissafi, a 2014. Idan ɗaci ne wannan, Allah ya ba mu irinsa.)

Washegari na sake kiran ƙanwata na zayyana mata duka, har da labarin ɗigon teku. Ta yi shiru, sannan ta ce mai bautar Allah ɗin ya ishe ta. An sa wa yarinya Maryam. Yanzu sabuwar rigimar ita ce baban ya fara kiranta Mairo, uwar kuma ta rantse ba a gidanta ba.